Kalmar da Za a Ba Gali

Malam Talha bai gama kafe mashin ɗinsa a gindin darbejiyar kotu ba wata tsohuwa ta riƙe masa gefen riga.

"Kai ne mai juya magana?"

"Ni ne tafinta, Iya. Lafiya?"

Ya san ta. Sunanta Ya Fanna, daga Udubo, ita ce wadda za ta ba da shaida yau. Mamman ɗanta ne na cikinta, Gali kuma ɗan ƙanwarta da ta rasu, nono ɗaya ta shayar da su. Da damina ta faɗi, Mamman ya kama shanun huɗar da suke tarayya ya tafi da su gonarsa, alhali ranar Gali ce. Aka yi cacar baki, Mamman ya mare shi a gaban mutane, aka raba su. Kafin azahar an tsinci gawar Mamman a bakin gona da saran gatari a ka. Gali ake tuhuma.

"An ce mini a Turanci kisa iri-iri ne," in ji ta. "Wai akwai wanda ake rataye mutum a kansa, akwai wanda ake ɗaure shi ya fito."

Talha ya sauke numfashi. Tun yana da baƙin gashi yake wannan aiki, ya gaji da shi har cikin ƙashinsa. Bahaushe kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce an kashe, a yi salati a tafi makabarta. Su kuwa Turawa, kamar waɗanda ba su da aikin yi, sun zauna sun rarraba abin kamar mai tsintar shinkafa. In mahauci ya yanka rago, da sunansa. In an kashe babban mutum saboda mulki, da nasa. In jama'a aka gama da su lokaci guda, da nasa. In gwamnati ce ta kashe, shi ma da nasa, mai tsabta kamar an wanke shi da sabulu.

"Biyu ne suka shafe ki, Iya. A littafin doka sunayensu dogaye ne, amma lauyoyi suna cewa murder in mutum ya ƙudurta ya je ya aikata. Wannan rataya ce. In kuwa zuciya ce ta ɗebe shi nan take, ba da shiri ba, sai su ce manslaughter. Wannan ɗauri ne."

"To ka ba Gali mai sauƙin."

"Ba ni nake bayarwa ba."

"Ɗan nan, na yafe jinin. Na faɗa wa liman, na faɗa wa mai unguwa, ko diyya ban nema ba. Ba ni ce uwar mamacin ba?"

"A can haka ne. Amma nan 'yan sanda suka kawo shi, a nan kuwa gwamnati ce mai jinin."

"Gwamnati ce ta yi naƙudarsa?"

Ta matso, ta rage murya.

"Za su ba ni Alƙur'ani in dafa. In na dafa ba zan iya ƙarya ba, ƙafata ɗaya tana kabari. Amma kai ba ka dafa ba. In na faɗa, ka sassauta kafin ta kai gaba."

"Na dafa, Iya. Ran da aka ɗauke ni aiki na dafa." Ya cire hula ya share gumi. "Kuma ko ban dafa ba, wa zan ɓoye wa? Alƙalin nan mutumin kudancin Bauchi ne, da Hausa yake yi wa 'ya'yansa faɗa. Lauyoyin duka biyu da Hausa suke cinikin tsire. Kowa yana jin ki. Takarda ce kawai ba ta jin Hausa, ita nake yi wa aiki."

Ta sake masa riga. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa kuma ya fi tausayin yawa.

A ciki babu wuta, fankar sama ta tsaya cak kamar yadda ta saba. Gali yana tsaye cikin akwatin masu laifi, ya rame, bai ɗaga kai ba ko da aka kira sunan Ya Fanna. Tun farkon shari'ar lauyansa yake nanata cewa zafin mari ne, gatarin yana nan kusa a gona, hannu ya riga tunani. Ba wanda ya ga inda gatarin ya fito sai mutum ɗaya.

Ya Fanna ta yi alwala tun a waje. Ta dafa Alƙur'ani ta rantse. Lauyan gwamnati ya yi tambaya, Talha ya juya mata.

"Yana tambaya, kin ga Gali a ranar, kafin abin ya faru?"

"Na gan shi. Ya shigo gida ina sussuka."

"Me ya shigo yi?"

Ta dubi Gali, ta dubi rufin kotun.

"Ya ɗauki gatarina a bakin ɗaki. Na ce Gali ina za ka, bai juyo ba. Na bi shi har zaure ina kira, bai juyo ba."

"Gonar da nisa?"

"Da ɗan nisa. Mutum zai iya hucewa a hanya. Shi bai huce ba."

Kowa ya ji. Lauyan Gali ya rufe ido. Alƙali ya riƙe biro a saman takarda, yana jiran a faɗa masa da Turanci abin da ya riga ya shiga kunnensa. Talha ya buɗe baki ya juya maganar kamar yadda ta zo, da gatarin, da zauren, da nisan gonar, bai rage ba bai ƙara ba. Da ta ƙara da cewa ɗaya yana ƙasa, don Allah kada a ƙara mata da ɗayan, wannan ma ya juya, ya ma ɗaga murya. Biron alƙali bai motsa a kan wannan ba. Aka ɗaga shari'a zuwa ranar hukunci.

Ya tarar da ita a gindin darbejiya, tana zaune kusa da mashin ɗinsa. Ya shirya shan zagi.

"Me ka ba su?"

"Maganarki na ba su, Iya."

Ta gyaɗa kai. "To koya mini mai nauyin."

"Me za ki yi da ita?"

"Ran hukunci ba na so in tsaya ina kallon bakinka kowa ya riga ni sani. In lauyoyi sun faɗa, ina so in gane da kunnena."

Ya tsuguna a gabanta ya faɗa a hankali. Ta maimaita.

"Mada."

"Haka."

"Ɗayar fa? Ko ba sai na koya ba?"

Talha ya dubi ƙasa. Ta jira kaɗan, sannan ta dafa gwiwa ta tashi, ta gyara mayafi, ta nufi tashar motar Udubo. Har ta kai bakin titi yana ganin leɓunanta suna motsi, tana nanatawa don kada ta manta, kamar wadda aka aika kasuwa.