Amsa ta Biyar

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da darasin muhalli, kuma ban taɓa leƙa bayan katangar makarantarmu ba. Da kunya nake faɗin wannan.

Abin da na ƙware a kai shi ne allo. In rubuta abubuwa biyar da ke toshe magudanar ruwa, yara su rera su kamar waƙa: leda, robobi, yashi, tsumma, ganye. Wanda ya kawo biyar cif ya ci maki biyar. 'Yan ajina ba sa faɗuwa, ni kuwa kaina ya yi girma, ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa a ofishin malamai.

Akwai wata yarinya a aji shida da 'yan ajin ke kira Uwar Tambaya. Gidansu yana gangare, daidai inda magudanar da ta bi ta bayan katangarmu take sauka. Sau biyu tana ɗaga hannu tana gaya min cewa kullum in an tashi, mai shara yana juye kwandunan ajujuwa ta kan katanga, cikin magudanar. Karo na farko na ce ba a nan darasi yake ba. Na biyu na tambaye ta ko ita aka naɗa duba-gari ban sani ba. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin bakina, Allah ya yafe min.

Da jarrabawa ta zo, ta rubuta huɗu daidai. A layi na biyar ta rubuta: makarantarmu. Na duba takardar amsoshi, babu wannan a ciki. Na soke da jan biro, na ƙara a gefe cewa ta riƙa rubuta abin da aka koya mata.

Daminar shekarar magudanar ta toshe, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidajen gangare. Ɗakin mahaifiyarta ya rufta. Ba a rasa rai ba, amma sai da suka kwashe suka koma wajen kawunta a wata unguwa mai nisa, kuma ba ta sake dawowa aji ba. Ni kuwa a taron safe na tsaya gaban yara na yi jawabi a kan illar zubar da shara barkatai. Har tafi aka yi min.

Sai da na zo ajiye aiki, ina kwashe kabad, na ci karo da takardarta a ƙasan tsofaffin rajista. Na zauna a kan benci na karanta jan rubutuna. Nan take na goge huɗu na sa biyar, na sa hannu.

Mako uku ina cigiya kafin na same ta. Tela ce yanzu, da ɗan shagonta mai keke biyu. Ta miƙe ta gaishe ni da ladabi, ta kwashe yadi daga kan kujera ta ce in zauna, har ta tsokane ni wai ban tsufa ba, gilashina ne ya tsufa. Na miƙa mata takardar, na ce ita ce mai gaskiya, ni na zalunce ta, ta yafe min.

Ta daɗe tana kallon makin. Ta ce ta yafe tuntuni.

"Amma Malama, ai ba maki nake nema ba a lokacin. So nake ki zo ki leƙa kawai."

Ta ninke takardar ta sa a aljihun keke, wajen zare da allura. Sannan ta ɗago.

"Har yanzu ta kan katangar ake zubawa? Gwaggona tana nan a gangaren."

Na gyara maki, na hau mota biyu na zo har shagonta, amma har yanzu ban leƙa bayan katangar ba.