Ba a Ce Ya Shigo Ba

"Kai, matsa mana! Ka tokare hanya kamar turke," in ji matar mai wanki, ta raɓa ta gefensa da kofin ruwa.

Tsito ya matsa, amma bai shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, ido a ƙasa. Haka aka koya masa a shekarun da ya yi a gidan gyaran hali: yaro ba ya tsallake dokin ƙofa sai an ce shigo, ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. Ranar da ya manta, yini ya yi a durƙushe kan tsakuwa. Tun da aka sallamo shi, ko ɗakin uwarsa ba ya shiga sai ta kira.

A ciki Baba Tela, maƙwabcinsu, yana kwance, numfashi na fita da ƙyar. Shi ya aika da safe a kira Tsito. Shi ne kuma wanda Tsito ya ɗauke wa kan keken ɗinki, lokacin da manyan yaran layi suka sa shi gaba da "ragon Inna, ɗan goye," har ya ga gara sata da dariyarsu. Baba Tela ya kai ƙara bai san ko wane ne ba. Da aka gano kan keken a hannun Tsito, ya bi har kotu yana roƙo, aka ce magana ta wuce hannunsa.

"Me yake ɓoyewa a baya ne?" wata ta raɗa daga tsakar gida.

"Ke dai riƙe takalmanki."

Suka ƙunshe dariya. Tsito ya ji, ya ƙara matse hannuwansa.

Ta gefen labule yana hango ƙafar keken, da kwandon ƙyallaye inda yakan zauna yana ƙarami yana tsintar maɓallai. Ƙamshin man keke ya daki hancinsa.

"Yaron nan bai zo ba?" Muryar Baba Tela ce, siririya kamar zare.

"Ga shi can, ya ƙi shigowa," in ji matar mai wanki. "Zuciya ce da shi kamar dutse."

"Ku bar shi. Kada wanda ya matsa masa. Yana da gaskiya in ya riƙe ni."

Tsito ya ɗaga ƙafa. Ta ƙi. Yatsunsa suka taɓa dokin ƙofa, gwiwoyinsa suka tuna tsakuwa. Kalma ɗaya yake jira, kowa ma ya faɗe ta.

Rana ta gota kan katanga. Sai aka ɗauki salati, kuka ya biyo baya.

Can Goggo, matar mamacin, ta ɗaga labule, idanunta jajur.

"Kai kuwa ɗan nan, me ya hana ka? Da sunanka a bakinsa ya cika."

"Ba a ce in shigo ba, Goggo."

Ta dube shi, ta dubi hannuwan nan da ke baya. Ta dafe baki.

"Shigo," ta ce a hankali. "Shigo, ɗana."

An rufe Baba Tela da farin mayafi. A kan keken akwai riga shuɗiya a ninke, an yi mata guga.

"Makon da aka tafi da kai ya ɗinka. Ya hana kowa taɓawa, wai sai ka dawo ya ba ka hannu da hannu."

Tsito ya warware ta, ya kara a ƙirjinsa. Hannun rigar ko gwiwar hannunsa bai kai ba.