Ranar Yayen Kamilu

Suwaiba ta fito daga zauren gidan su Asiya da sauri, Kamilu a kafaɗa, jakar kayansa a hannu, bakinta ya ƙi rufuwa don murna. A bayanta ƙawar tata, uwar yaron, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta kashe waya kamar yadda suka shirya. Haka ake yaye: a ɗauke yaro a kai shi wani gida, kada ya ga uwarsa, kada ya ji muryarta, sai ya manta da nono.

A ƙa'ida, kakar yaron da ke Rawayya ce mai wannan aiki. Amma Suwaiba ta kafa naci tun Kamilu yana rarrafe. Aurenta ya kwana biyu, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna, ta kuma gaji da zama mai kai wa wasu barka. Da ƙyar tsohuwar ta yarda, da sharaɗin in yaro ya gagare ta, a kawo mata jikanta kafin rana ta faɗi. Har ta ƙara da cewa, "Wadda ba ta san zahin haihuwa ba, mi ta sani ga yaye?" Maganar ta iso kunnen Suwaiba, ta kuwa ƙulle ta a zuci.

Shiri kam ta yi shi har ya wuce misali. Can gidanta a Gusau akwai sabuwar katifa ƙarama, da motar roba, da ƙullin kunun gyaɗa. Mijinta Muktar ma, mutumin da ba ya sayen ko albasa sai an tuna masa, sai ga shi ya shigo da ƙwallo.

A kan babur zuwa tashar Bungudu Kamilu ya yi ta ƙyalƙyala dariya, yana nuna awaki yana cewa "Mee." Suwaiba ta ce a ranta, ashe abin da ake ta tsorata mutane da shi ke nan. Suka samu motar Gusau ba ta cika ba, ta zauna a benci ta ɗora shi a cinya, ta ɓare masa biskit. Biskit ɗin ya karye biyu.

Kamilu ya dubi rabin da ke hannunta, ya dubi fuskarta, leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Ta miƙa masa wani lafiyayye, ya wurgar. Wancan yake so, kuma a haɗe. Ta manna gutsattsarin biyu ta rufe tsagar da yatsa, ya gane. Sai ya sulale ƙasa ya baje, ya shiga birgima yana shure-shure, yana tsala ihun da ya sa direbobi juyowa.

"Haba Kamilu na, tashi ka ga mota," in ji ta.

Ya cire takalmi ɗaya ya jefi motar.

Ta nuna masa kyanwa a waya, ya buge wayar. Ta saya masa alawa, ya tofar. Ta ce ga ɗan sanda nan zuwa, abin ya ƙara wuta. Da ta sunkuya za ta ɗauke shi sai ya sandare kamar icce, ya gantsara mata cizo a hannu. Sannan ya tuna da abin da ya fi biskit.

"Mama! Ba ke ba! Mama!"

Zufa ta keto mata. Kafin ta ɗago, mutane sun fara kewaye su. Ɗan kamashon tashar, wani dogo da ake kira Ɗanjuma, ya tsaya a kanta.

"Hajiya, wanga yaro ɗanki na?"

"Ɗan ƙawata na. Yaye za ni kai shi Gusau."

"To kira uwatai mu ji."

Ta kira. Waya a kashe. Ta kira uban yaron, shi kuma yana gona inda babu sabis. Aka fara ƙus-ƙus, wani daga baya ya ce haka suke yi, da hijabi da fuskar mutunci. Suwaiba ta ji tsoro na gaske, domin a wannan zamani ba a wasa da maganar satar yaro a tasha.

"Abu mai sauƙi," in ji Ɗanjuma. "Mu tahi gidan uwar ta hito ta shaida."

Gidan ba nisa. Tafiya kaɗan ta wanke kanta. Amma da Kamilu ya ga Asiya yaye ya lalace, da yamma kuma yana Rawayya, tsohuwa tana gaya wa duniya cewa ko tasha ba su bari ba.

"Ba ni komawa da shi," ta ce. "Ku aika a tambayo, ni ina nan zaune."

"To yaro ya zauna hannunmu har a dawo."

Ɗanjuma ya duƙa ya miƙa dogayen hannayensa. Kamilu ya ɗago ya ga baƙuwar fuska da gemu, kukan ya yanke tsaf. Ya rarrafa da gudu ya kewaya bayan Suwaiba, ya cukuikuye hijabinta, yana ɗaga ƙafa yana neman hawa.

"Goyo," ya ce, yana shessheƙa. "Anti, goyo."

Wata tsohuwa mai fura da ke gefe, wadda kowa a tashar ke kira Iya, ta tuntsire da dariya har ta ajiye ludayi.

"Ku watse ku ba mutane wuri. Kun taɓa ganin ɗa ya hau bayan ɓarauniya yana kiran ta Anti? Kukan yaye na, ku ma duk kun yi shi. Kai Ɗanjuma naka har makwabta sun ji." Aka fashe da dariya, taron ya fara raguwa. Iya ta dubi Suwaiba. "Ɗiyata, ina zanen goyonki?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai. Tana da zane da majanyi sababbi, suna ƙasan akwati tun shekarar aurenta. Da safe ta ɗauko su, sai kunya ta kama ta, ta mayar. Iya ba ta sake tambaya ba, ta zaro zane daga ƙullinta ta miƙa mata. Suwaiba ta duƙa, yaron ya haye, ta ɗaure. Ta ji ɗumin cikinsa a bayanta, da jiƙaƙƙen kuncinsa a kafaɗarta, daɗi ya cika ta har ƙwalla ta zubo. Ɗanjuma da kansa ya tsinto takalmin, ya ba ta kujerar gaba yana ba da haƙuri.

Haka ta zauna a bakin kujera, ba jingina, Kamilu yana barci yana ajiyar zuciya. Sun kusa shiga Gusau wayarta ta yi ƙara. Asiya ce, ta kasa daurewa ta kunna. Kamilu ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta kamawa, balle ta nuna ta damu.

"Kun isa? Yaron nan dai bai wahal da ke ba?"

"Ko kaɗan," in ji Suwaiba da sauri. "Wasa kawai yake ta yi. Ga shi ma ya yi barci."

Sai muryar Asiya ta yi sanyi.

"Ko sau ɗaya bai neme ni ba?"

Suwaiba ta dubi shatin haƙoran da ke hannunta. In ta faɗi gaskiya, labarin zai iya kaiwa Rawayya kafin la'asar. Ta ji ƙawar tata tana jan hanci.

"Asiya, ɗanki ya tara mini tashar Bungudu kaf yana kiran Mama. Saura kaɗan a yi mini dukan ɓarayi."

Asiya ta yi dariya, dariyar da ke haɗe da kuka, ta daɗe tana yi.

"To ki riƙe shi," ta ce. "Kada ki kawo mini shi sai ya manta."