Ranar da Yaya Silas Ya Shigo Shagon Absalom

A shekarar 1798, a birnin Filadelfiya na Amurka, hular mutum ce ke faɗin ɓangarensa. Masu son a yaƙi Faransa suna maƙala baƙin ƙyalle, masu ƙin Ingila kuma ja da fari da shuɗi. Ni Temperance ina tsakanin huluna biyu, ta mijina Absalom Reddick, mai ƙera gangunan katako a bakin kogi, da ta yayana Silas.

Kowannensu da ciwonsa. Sojan ruwan Ingila sun tare jirgin da ɗanmu yake aiki a ciki, suka ɗauke shi ƙarfi da yaji, shekara biyu babu labari. Yaya Silas kuwa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Faransawa suka ƙwace jirginsa, ya yi wata biyar a kurkukunsu, ya dawo babu haƙoran gaba. In sun haɗu a ƙofar coci, Yaya ya ce "karen Faransa", Absalom ya ce "bawan Sarkin Ingila", ni kuma in ja hannun wanda ya fi kusa.

Ranar da gwamnati ta ce a yi azumi da addu'a saboda yaƙin da ake tsoro, gari ya cika da masu baƙin ƙyalle riƙe da kulake. Absalom ya buɗe shagonsa da gayya, hularsa mai ƙyalle ja da fari da shuɗi a ka. Da rana na kai masa ruwa, sai ga Yaya Silas ya faɗo ciki yana haki, ya tura ƙofa ya sa sakata.

"Absalom, cire abin nan. Sun kai arba'in, suna kwanar titi."

"Kai ka nuna musu hanya ke nan."

"Na zo fitar da kai ne, dabba. Temperance, yi masa magana."

"Maigida, don Allah cire," na ce.

Dutse ya fasa taga. Yaya ya kai hannu zai fizge ƙyallen, Absalom kuwa da gizago a hannunsa. Ban ga ya yi tunani ba, na dai ga ƙarfen ya sauka tsakanin wuya da kafaɗa. Yaya ya zauna cikin garin katako, jini yana tsartuwa har jikin ganguna.

Ƙofa ta ɓalle. Da suka ga nasu a ƙasa, suka ja Absalom waje ta ƙafa. Da katakonsa suka doke shi. Wani ɗan gidan masu kuɗi, mai safar hannu fara, ya ɗora hannun daman Absalom a kan dutsen titi ya taka da dugadugi har na ji ƙarar ƙashi daga ciki. Ban fita ba. Na danna zanen aikina a wuyan Yaya, zanen yana jiƙewa.

"Ki ce faɗuwa na yi," ya ce, murya can ƙasa.

"Yaya, yi shiru."

"Ƙofa ta ture ni, na faɗa kan ƙarfen. Kin ji? Kada su rataye miki miji."

Sai da sojan doki suka iso taron ya watse. Yaya Silas ya rasu a kwana na uku.

A kotu ni kaɗai ce shaida. Na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na faɗi abin da Yaya ya umarce ni. Matarsa Hester tana zaune a gaba, tana kallona har na sauka. Ba ta ƙara yi mini magana ba.

Aka saki Absalom, hannun ya shanye, ko guduma ba ya iya riƙewa. Muka sayar da shagon muka koma garin Lancaster, ina ɗinki muna ci. Bayan shekara biyu aka yi sulhu da Faransa, mutane suka cire ƙyallayen suka ci gaba da harkokinsu.

Mun ƙara shekara goma sha ɗaya tare. Kullum ina yanka masa nama ƙanana saboda hannun, in ajiye masa a teburi, in ɗauki nawa in koma kicin.