Ƙafar da Ba Ta Taka Ƙasa Ba

Tun da hantsi jiragen ruwan Turawan Holanda suke aman wuta a kan garin Batulayu. Harsashin igwa ɗaya ya faɗa kasuwa, ya raba wata mai sayar da shinkafa gida biyu, wani ya fille kan hasumiyar haikali. Da rana ta take tsaka sarki da bakinsa ya ce a cinna wa fada wuta, kada baƙo ya samu ko tabarmar zama. Duk ɗan tsibirin Bali ya san ma'anar wannan. Puputan ke nan, a fita gaban maƙiyi a ƙare gaba ɗaya, babu mai saura.

Wata mata mai suna Rempeg na tsaye bakin rijiyar fada, rungume da jaririyarta. Jiya aka kashe mijinta a bakin teku, ko gawarsa ba a ɗauko ba. Mata sai wanka suke, suna ɗaura fararen zannuwa, suna soka fure a gashi, sai ka ce biki za su. Ita ko a jikinta mutuwa, amma 'yar nan ce ta tsaya mata a rai. Ba ta cika wata uku ba, ba a raɗa mata suna ba, ba a yi mata bikin taka ƙasa ba. Jariri kafin wannan biki baƙon alloli ne, daga hannu sai hannu, ko ɗan yatsansa ba ya taɓa ƙasa. Wanda ya ajiye shi ya zubar da tsarkinsa, ya maida shi ɗaya da ɗan kare.

"Ke, tsayuwar me kike yi?" in ji surukarta, Men Gubreg, tsohuwa mai baki kamar reza. "Ɗaura zanenki. Ko sai sarki ya aiko miki da laima?"

"Inna, 'yar nan fa? Ƙanwata ce za ta karɓe ta, ga shi an ce tun asuba ta gudu dutse."

"Ta gudu da kunyarta! Jikata kuwa da mu za ta tafi. Wa ya fi ta sa'a? Tsarkakakkiya ta zo, tsarkakakkiya za ta koma."

Rempeg ta ɗaura farin zanen. A ranta ta ce, ke kin ci shinkafarki har haƙora sun zube, 'yar nan ko nono bai ishe ta ba. Ta ƙudura cewa duk wanda ta gani a hanya ba ya cikin fararen kaya, ko wane ne, za ta danƙa masa yarinyar.

Aka buɗe babbar ƙofa. Sarki a gaba bisa kafaɗun mutane, malaman haikali na yayyafa ruwan tsarki, sai masu mashi, sai mata da yara. Hayaƙin fada ya rufe rana. Rempeg ta dubi dama, ta dubi hagu. Kaico! Gidaje a buɗe, kaji na yawo, amma ba mahaluki ko ɗaya. Wanda zai gudu ya gudu tun tuni.

A mararrabar kasuwa suka tarar da soja sahu-sahu, bindigogi a saite. Wani tafinta ya fito yana ɗaga hannu yana ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya, don girman iyayenku!" Wa ya saurare shi? Aka sauke sarki, ya gyaɗa wa babban malami kai, malamin ya luma masa keris, wuƙar gargajiyarsu, a ƙirji. Sai kawai masu mashi suka ruga kan sojojin.

Bindiga ta tashi. Sahun gaba ya zube kamar an yanke shinkafa, na baya suka taka su suka wuce. Mutum na gudu sai ka ga rabin fuskarsa babu. Men Gubreg ta fizge awarwaronta na zinariya ta jefi sojojin da shi.

"Ungo ladanku, 'ya'yan karnuka! Ku harba da kyau, ko makafi aka aiko mana?"

Ba ta rufe baki ba harsashi ya shige mata maƙogwaro. Ta zauna daɓas, jini na tsartuwa a kan farin zane, ta kife.

Harsashi ya samu Rempeg, ta ji kamar an maka mata taɓarya a kwankwaso. Ƙafafunta suka mutu nan take. Ko da za ta faɗi, sai da ta juya ta faɗi ta baya, ta ɗaga 'yar sama da hannu biyu. Jaririyar ta tsala kuka, amma lafiyarta lau.

Ga magudanar ruwa nan kusa, mai zurfi, inda harsashi ba ya kaiwa. Da ni ne ko kai, da mun ajiye yarinyar mun ja jiki da gwiwar hannu, mun jawo ta. Rempeg ta ga magudanar sarai, ta kuma san dabarar. Amma ajiyewar fa? Hannunta ya ƙi. Ta ɗora 'yar a kan ƙirjinta ta ƙanƙame, harsasai na wucewa ta samansu, ƙarfinta na bin jini yana fita. Tsoro ya kama ta, ba na mutuwa ba. In hannuwanta suka saki, yarinyar mirginawa za ta yi cikin ƙasa da jini.

Can ta hango yayanta, Tabeng, yana ratsa gawawwaki. Yana cikin waɗanda suka rantse gaban sarki cewa duk wanda harsashi bai ƙarasa ba, su za su ƙarasa shi, kada a kama kowa da rai, sannan su bi baya. Keris ɗinsa ya yi ja har gwiwar hannu. Ya durƙusa kan wani dattijo, ya soka, ya zare. Ya matsa kan wata yarinya mai riƙe da hanjinta, ya rufe mata ido da tafi, ya soka. Da ya ɗago sai suka haɗa ido da ƙanwarsa.

"Rempeg," ya ce, muryarsa a dushe. "Rufe idonki, ƙanwata. Hannuna bai taɓa kuskure ba. Ke tukuna, sannan ita."

"To, Yaya. Amma in ka fara da ni za ta faɗi."

"Sai na fara da ita."

"A kan ƙirjina? Ina kallo? Haba Yaya, ko akuya ba a yi wa haka." Ta yi tari, jini ya biyo. "Riƙe min ita in gyara zanena. Kada waɗancan su ga tsiraicina."

Ta miƙa 'yar, ta saki. Tabeng bai ma yi tunani ba. Yarinya na shirin suɓucewa, ɗan Bali na kusa? Keris ya faɗi, hannuwansa biyu suka cafe ta.

Sai da ɗumin jaririyar ya ratsa tafinsa ya gane abin da aka yi masa.

"Ke! Karɓi abarki! Na rantse gaban sarki!"

Rempeg ta riga ta janyo wuƙar, ta riƙe ta gam da hannu biyu.

"Ajiye ta mana, in ka isa."

"Munafuka! Tun kina ƙarama haka kike. Kin san abin da za a kira ni? Matsoraci! Wanda ya kashe mutane ya ƙi bin su!"

"A kira ka. Kai ne kawunta."

Ya waiga yana neman wanda zai miƙa wa. Na kwance ba sa motsi, na tsaye suna faɗuwa. Harsashi ya yage masa kunne, jini ya zubo wuyansa, ya duƙa ya kare yarinyar da kafaɗa. Ƙato guda, ya fashe da kuka.

"Rempeg, don alloli, karɓe ta. Kada ki yi min haka."

Ta ji tausayinsa ƙwarai, amma ta san muddin tana numfashi yana da hannun da zai mayar wa da 'yar. Ta kafa tsinin keris ƙarƙashin haƙarƙarinta.

"Bi ta bayan kasuwa, Yaya. Ka riƙe mata kai, wuyanta bai yi ƙwari ba."

Ta danna da dukan ƙarfin da ya rage mata.