An Kwashe Gonar Tsoho

Yanzu ramin bulo ake ce wa wurin, amma ni da na yi wayo a maƙwabtaka gona na san shi. Gida ne mai rumbuna da turken shanu, ga rijiya a gindin mangwaro. Mai gonar, Tsoho muke ce masa tun bai tsufa ba, ko bunsurunka ne ya leƙa kunyar gonarsa sai ka ji a jikinka.

Gari ya yi ta matsowa. Titi ya cinye gefen gabas, shanu suka ƙare, iyalin suka koma haya cikin unguwa. Sannan idon Tsoho ya tafi. Babban ɗansa, direban tifa, bai sayar da gonar ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙasar ya sayar. Masu lambu suka kwashe baƙar ta sama, masu bulo suka bi yashin, aka yi ta yi har ruwa ya ɓullo. Abin da ya tsira siririn zirin da falwayar lantarki ke kai ne, shi ma don ana tsoron wuta. Kullum Tsoho ya tambaya, sai a ce masa an ba wani aro yana nomawa. Mu ma maƙwabta muka taya su rufa-rufa, wai don kada baƙin ciki ya kwantar da shi.

Bara da hadari ya fara haɗuwa, ya kafe sai an kai shi gonar. Ya daina cin abinci. Direban ya zo ya roƙe ni in raka su, ko hirata za ta ɗauke wa uban hankali. Na zage shi tas, sannan na ɗauki mayafina.

Muka bi zirin nan a jere, ɗan yana riƙe da hannunsa, hagu rami dama rami. Ni sai zuba nake kamar rediyo. A gindin falwaya Tsoho ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina. Wallahi sai da ya yi murmushi. Ya ce tana nan da ƙarfinta, taki kawai take so.

Sai ya miƙe ya ce a sake shi, zai taka zuwa rijiya da kansa.

"Baba, akwai ƙaya," in ji ɗan, ya ƙi sakin hannun.

Tsoho ya shiga juya kai yana kasa kunne. Ya ce iskar ba haka take bugowa ba a da, kuma bai ji motsin ganyen mangwaro ba. Ya sunkuya ya laluba hoge, ya jefa gabansa. Muka tsaya mu uku muna saurare. Sai can ƙasa, can, muka ji tsulum.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya zare hannunsa daga na ɗan a hankali, ya miƙo shi inda yake jin numfashina.

"'Yar nan," ya ce, "ke mai da ni gida."