Kilo Hamsin

An ce duk wanda bai kai kilo hamsin ba, sojoji ba sa ɗaukarsa. Wa ya faɗa? Mai wanki ne ya ji a bakin wani direba. Shi ke nan iyaye mata a layinmu suka kife tukwane.

Jikana mai gyaran rediyo ne, shekararsa ashirin, an aiko masa takarda ya je awo ranar Litinin. Mako biyu uwarsa ba ta ba shi komai sai ruwan zafi. Ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu, in ya miƙe sai ya dafa bango.

Na ce, "Angona, haka za ka bar ni da ƙasusuwa?"

Ya ce, "Tsohuwa, gara ƙasusuwa a gida."

Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi. Rediyo ma, da ya ce mun ƙwace gada ɗaya har sau uku a wata guda, ban yarda da shi ba, balle mai wanki. Ranar Asabar na ɗauki sandata na nufi makarantar da ake awon.

A tsohon ajina suka ajiye sikelin, an tura bencina jikin bango. Samari na hawa ba riga, ana kiran lamba. Masu nauyi su fita ta dama, ramammu ta hagu. Na leƙa taga ina jiran in ga ramammen da zai nufi ƙofar fita. Mota biyu ce a filin ƙwallo, kowace da mai bindiga a bayanta.

Magatakardan da ke rubuta nauyin tsohon ɗalibina ne, har yanzu bakwai ɗinsa kamar ɗaya take. Ya rusuna.

"Malama, me ya kawo ki nan?"

"Na hagun nan, gida za su?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya, ya gaya mini. Na juya na nufi gida.

Na tarar da uwar yaron tana murna, wai ya sauka arba'in da bakwai.

Na ce, "Ɗora tukunya, kwana biyu gare mu. Ba wanda ake sallama. Masu nauyi ana ba su horon mako shida da bindiga. Ramammu a ranar ake wucewa da su bakin daga, dakon harsashi."